Kwana Huɗu a Kwarin Azawak: Ranar da Na Auna Karen Buzaye da Tef Ɗin Ɗinki

Na san da ganin kan wannan rubutu wata za ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Duk abin da ke duniya Malama ta rasa wanda za ta kawo mana sai kare?" Ki yi mini uzuri ki biyo ni, domin ni kaina da kike gani, tun ina yarinya in na hango kare a bakin lungu sai in canza hanya, ko da kuwa zagayen zai sa in makara makaranta. Amma akwai wani kare da na gani a ƙasar Nijar wanda har yau in na rufe ido ina ganin tsayuwarsa, kuma dalilinsa na koyi wani abu game da awo wanda duk shekarun da na yi ina riƙe tef ɗin ɗinki ban taɓa lura da shi ba.

A watan Disamba na shekarar 2018 ne muka tafi bikin 'yar goggona a Abalak, ni da maigida. Goggon nan ƙanwar mahaifina ce, aure ya kai ta can tun kafin a haife ni. Daga Sakkwato muka bi ta Illela muka tsallaka Ƙonni, muka karya arewa a Tsarnawa, muka ratsa duwatsun Adar ta Badagishiri har Tawa, inda muka kwana. Washegari muka kama hanyar Agadas. A Tabalak, bakin babban tabkin nan, muka tsaya muka sayi soyayyen kifi da cuku, wato busasshen cukwin madara mai faɗi kamar takarda. Daga nan sai gonaki suka fara ja da baya, itatuwa suka koma aduwa da ƙaya da tumfafiya, kwaltar kuma a wancan lokacin ta farfashe ƙwarai, har tafiyar da ba ta kai kilomita 150 daga Tawa ba ta cinye mana fiye da rabin yini.

Abalak tana bakin yankin da ake kira Azawak. Asalinsa wani tsohon kwari ne mai faɗin gaske, wanda a zamanin da can ruwa ke bi daga wajen duwatsun Abzin ya gangara kudu, ya bi ta Dallol Boso ya faɗa kogin Kwara. Yanzu kogin ya ƙafe, sai fili fetal iya ganinki, da tuddan rairayi, da rijiyoyi masu zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi ko jaki igiyar guga ya ja. Yankin ya haɗa arewacin jihar Tawa a Nijar da wajen Menaka a Mali. Buzaye ne da Larabawa da Fulani Bororo ke kiwo a cikinsa, kuma in kin taɓa jin ana yabon jajayen shanun Azawak wajen nono, to daga nan suka samo sunan. Karen da zan ba ki labari ma haka.

Ranar da muka isa ana ta hidimar biki, sai ga baƙi daga daji, dangin ango, sun zo a kan raƙuma. Ina tsaye a bakin zaure na hango wata dabba tana biye da su. Wallahi da farko na ɗauka barewa ce suka sabar. Ƙafafu dogaye sirara kamar sillen kara, ciki a ɗame ya manne da baya, wuya dogo, kai ɗan siriri, jiki ja kamar an shafa masa jan ƙasa, ƙafafun huɗu farare kamar ya sa safa. Yana tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Sai da ya juyo na ga kunnuwa a kwance da wutsiya mai lanƙwasa, sannan na ja da baya na ce, "A'uzu billahi, kare ne!"

Ɗan goggona, wanda taubashina ne kuma ba ya raga mini ko kaɗan, ya fashe da dariya. Ya ce, "Yaya, ke da kike koya wa yara babin farauta a Risala, ga abin da kike karantawa ya zo har ƙofar gida kina gudu?" Na ce masa ni tausayinsa ma nake ji, dubi haƙarƙarinsa duk a waje, masu shi ba sa tsoron Allah, yunwa za ta kashe shi. Ya ce, "To nan kika yi kuskure na farko. Wannan karen ƙoshi ne. Haka Allah Ya yi shi."

Gaskiyarsa kuwa ta wajen karatu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta ko tsaron dabbobi ko gona, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, duk da umarnin wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Na sha faɗa wa ɗalibai wannan, amma karen da ke cikin kaina a lokacin shi ne na bola, mai ƙurji a kunne. Ban taɓa ganin wanda littafin ke nufi ba sai ranar.

Shi wannan taubashi nawa aikin kula da lafiyar dabbobi ya karanta a Yamai. Da dare bayan an watse, ya buɗe mini wata takarda a wayarsa da Faransanci yana fassara mini. Ashe Turawa sun daɗe da sanin karen nan. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ta hannun wani ma'aikacin jakadancin Yugoslabiya da kuma Faransawan da suka yi aiki a yankin. A farkon shekarun 1980 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, mai hedikwata a Beljiyam, ta karɓe shi a matsayin iri mai zaman kansa, ta ba shi lamba 307, aka kuma rubuta masa siffa tun daga hanci har wutsiya, kamar yadda tela ke rubuta awon mai ɗinki a littafi. Faransa ce aka ɗora wa kula da wannan rubutaccen awo. Ita kuwa ƙungiyar AKC ta Amurka sai a watan Janairu na 2019 ta shigar da shi cikin jerinta sosai, wato 'yan makonni bayan dawowarmu.

Ga abin da takardar ta ce, ki riƙe shi don za mu dawo kansa. Ana auna tsayin kare ne yana tsaye, daga ƙasa zuwa ƙololuwar kafaɗa, daidai inda wuya ya haɗu da baya. Namiji santimita 64 zuwa 74, mace 60 zuwa 70. In da inci kika saba, kamar yawancinmu masu ɗinki a Nijeriya, Amurkawa sun rubuta inci 25 zuwa 29 ga namiji, 23 da rabi zuwa 27 da rabi ga mace. Ki dubi teburin cin abinci ko na malami a aji, to babban namiji kafaɗarsa ta kusa kai nan. Amma nauyinsa fa? Kilo 20 zuwa 25 kacal, mace kuma 15 zuwa 20. Wato dabbar da ta kai tsayin tebur, amma iyakarta rabin buhun shinkafa mai kilo 50.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsayinsa ya fi tsawonsa. Yawancin karnukan da muka sani, in kika dube su ta gefe, jikinsu ya fi miƙewa daga ƙirji zuwa gindi fiye da tashinsa sama. Wannan kuwa akasin haka ne: in tsayi ya zama kashi 10, tsawon jiki kashi 9 ne, ko da yake an yi wa mata sassauci su ɗan ɗara. Zurfin ƙirji kashi 4 ne cikin 10 na tsayin. Na ɗauki biro na yi lissafi a bayan katin biki: kare mai santimita 70 zai zama da tsawon 63, ƙirji 28, saura 42 duk ƙafa ce tsakanin ƙirjinsa da ƙasa. Kai ma an auna shi: bakin ya zama rabin tsawon kan gaba ɗaya, faɗin ƙoƙon kai kuma kashi 4 cikin 10 na tsawonsa. Ƙasusuwan kwankwaso su fito fili, su yi daidai da kafaɗa ko su ɗara ta. Haƙarƙarin nan da na tausaya masa a kai, Amurkawa cewa suka yi in ba a ga uku zuwa biyar a fili ba, to karen ya yi ƙiba.

Na ce, "To duk wannan ƙwaƙƙwafi na mene ne?" Ya ce gasa suke yi. A jera karnuka, alƙali ya zagaya yana dubawa, wanda ya fi dacewa da takarda shi ne zakara, 'ya'yansa su yi tsada. Wanda tsayinsa ya kauce wa awon da fiye da santimita 3 kuwa fitar da shi ake yi. Launi ma a takardar FCI an taƙaita shi: daga ruwan rairayi mai haske zuwa ja mai duhu, da ratsin baƙi ko babu, fari kuma sai a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya da ɗan abin da ba a rasa ba a fuska.

A nan ne ƙarambanina ya motsa. Dama na zo da tef a jakata don in auna goggo da amarya in yi musu ɗinki in na koma. Na ce, "Gobe ka kai ni zangonsu, in ga ko karnukan sun san da wannan takarda."

Bayan an kai amarya muka tafi, ni da maigida da taubashin, a wata tsohuwar kat-kat ta abokinsa. Tafiyar kamar awa guda ce arewa da gari, ba hanya sai sawun taya. Hunturu ne, hazo ya rufe sama, ciyawa ta bushe ta yi fari, ƙarangiya kuwa kada ki so ki ga yadda ta yi wa bakin zanena da safata. Tun muna nesa da tantunan, waɗanda na jan fata ne da aka ɗinka aka kafa a kan sanduna, sai ga su sun taso. Guda biyar. Ban ga lokacin da suka tashi ba, kawai na ga ƙura, sai ga su a gefen mota suna tafiya daidai da ita ba tare da wata wahala ba. An ce gudunsu yana kaiwa wajen kilomita 60 a awa. Suka kewaye mu da haushi mai kauri wanda bai yi kama da jikinsu ba, kuma babu wanda ya yi gigin buɗe ƙofa sai da wani dattijo ya fito ya yi musu magana ɗaya. Nan take suka yi shiru, suka koma gefe suka zuba mana ido.

Aka shimfiɗa wa maza tabarma a inuwar wata aduwa, ni kuma aka shigar da ni wurin uwargida. A al'adarsu tanti na mace ne, da shi take zuwa gidan aure. Tana jin Hausa sosai, irin ta Adar. A bayan gadonta na ga wata karya kwance da 'yan kwikwiyo biyu, ga kuma jikanta ɗan shekara biyu yana barci ba nisa. Ta ga yadda na ɗauke ƙafa, ta yi murmushi ta ce, "Malama, zauna abinki. In maza sun tafi da dabbobi rijiya, kwana biyu, kwana uku, wa kike tsammani ke tsare mu? Dila ba ya zuwa kusa da 'yan awakina, baƙo ba ya zuwa kusa da ni." Ta ce abin da suka ci shi karnukan ke ci: gero da nono, sai ƙashi ko kayan ciki in an yi yanka. Sanyi ne ba sa so, shi ya sa ta bar mai jegon ta shigo.

Na tambaye ta sunan irin karen da harshensu. Ta ce idi, wato kare ke nan kawai, amma na ƙwarai, dogon nan, shi ake ce wa oska. Daga baya na lura cewa yawancin sunayen da ake jerawa a littattafai a matsayin sunayen wannan iri, kamar rawandu na Fulani da hansi na Zabarmawa da wulu na Bambara, duk ma'anarsu kare. Sunan Azawak ɗin Turawa ne suka laƙaba masa.

Da aka sha shayi na farko, taubashina ya gabatar wa dattijon da buƙatata. Ya gyara amawalinsa, ya dube ni ta gefen ido, ya ce, "'Yata, riga za ki ɗinka musu?" Aka yi dariya. Amma ya yarda, da sharaɗin jikansa ne zai riƙe su, domin karen nan ba ya yarda baƙo ya taɓa shi. Ba cizo zai kai miki ba, janye jiki zai yi kawai ya dube ki kamar kin yi masa rashin kunya. Saboda haka yaron ya riƙe wuya yana yi musu magana a hankali, taubashina ya kafa sanda a gefen kafaɗa ya ɗora tef, ni kuma ina tsugune daga ɗan nesa ina karantawa ina rubutawa.

Na farko shi ne jan nan da na gani a gari. Tsayi 69, tsawo 63. Kamar da shi aka rubuta takardar. Da na matso na ga fatarsa sirara ce har ana ganin jijiyoyi, gashin gajere ƙwarai, cikinsa kusan babu gashi sam, idanunsa kuma kamar an zizara musu kwalli. Taubashina ya nuna mini yadda kowace gaɓa ke da aikinta. Dogayen ƙafafun suna ɗaga jiki daga zafin rairayi, suna kuma ba shi dogon taku. Rashin kitse da sirantar fata suna sa zafi ya fita da wuri. Ƙirjin mai zurfi mazaunin babbar zuciya da huhu ne. Ɗamammen cikin kuma shi ke ba ƙafafun baya damar shigowa gaba sosai in yana gudu, har su wuce inda na gaba suka taka, bayansa yana lanƙwashewa yana miƙewa kamar baka. Da ido yake farauta, ba da hanci ba, shi ya sa fili irin wannan ya dace da shi.

Ta biyu mace ce mai ratsin baƙi a kan ruwan ƙasa, tsayi 61, tsawo 57. Ita ma ta shiga, sai dai kanta ya fi na jan faɗi. Na uku namiji ne ruwan toka, dogo har ya ɗara jan, amma ƙashinsa ya fi kauri, kuma babu ɗigon fari ko ɗaya a ƙafafunsa na baya. Na huɗu bai yarda ba sam, ya fizge ya koma can bakin wani rami da ya tona a gindin ƙaya ya kwanta, muka ƙyale shi.

Sai dattijon ya ce a kawo tsohuwar. Wata karya ce baƙa mai dabbare-dabbaren fari a wuya da gefen ciki, kunnenta ɗaya a yage, furfura ta fara fito mata a baki. Muka auna: 56. Taubashina ya sake aunawa, 56 dai. Ya dube ni ya ce da Hausa a hankali, "Wannan a Turai ko ƙofar filin gasa ba za ta shiga ba. Ta faɗi a tsayi, ta faɗi a launi." Ashe dattijon ya ji. Ya ce a faɗa masa abin da takardar ta ce. Aka faɗa masa duka.

Ya yi shiru yana juya ɗan kofin shayinsa. Sannan ya nuna jan karen nan, wanda ya cika kowane sharaɗi, ya ce, "Wancan ɗanta ne." Ya nuna mai ruwan tokar, ya ce, "Wancan ma ɗanta ne, na wata shekarar." Ya ce a cikin biyar ɗin nan babu wanda ya kai ta kama zomo, domin dogayen suna wuce shi in ya yi kwana, ita kuwa tare suke juyawa. Kunnen nan dila ne ya yaga shi a daren da ta hana shi ɗaukar ɗan akuya. Ya ce, "Wanda ya rubuta takardar nan, karnuka nawa ya gani?"

Tambayar nan ta zauna mini, 'yar'uwa, domin amsarta ita ce: kaɗan. Karnukan da aka fara kai wa Turai 'yan ƙalilan ne, kuma siffarsu da launinsu aka duba aka rubuta awon, daga su kuma aka yi ta haifar na can, dangi na auren dangi. Wata ƙungiya mai suna ABIS, mai alaƙa da Burkina Faso, ta yi ta shirya tafiye-tafiye zuwa yankin Sahel tana duba karnukan makiyaya a inda suke, kuma abin da aka gani shi ne launuka da ƙira sun fi na takarda yawa nesa ba kusa ba: akwai baƙi, akwai ruwan toka, akwai mai dabbare-dabbare, akwai wanda ya kusa zama fari fat. Amurkawa da suka zo rubuta nasu awon sai suka buɗe ƙofa ga kowane launi. Wato tsohuwar nan da za ta ci jarrabawar launi a Amurka ta faɗi a Faransa, alhali ko Tawa ba ta taɓa zuwa ba.

Ni dai a nawa ganin takardar ba ƙarya ta yi ba. Duk karnukan da na gani a zangon nan, har da tsohuwar, in kika hango su daga nesa kin san jini ɗaya ne: ƙafa ta fi jiki, ciki a ɗame, fata a manne. Wanda ya san salukin ƙasashen Larabawa, mai dogon gashi a kunne da wutsiya, ko sulugin Maroko da Aljeriya wanda ya fi wannan cikar jiki, ba zai haɗa su da shi ba. Inda takardar ta gaza shi ne ta ɗauki tsakiyar abu ta ce shi ne dukkansa. Kamar tela ne ya auna mata goma a unguwa ɗaya, ya yanke cewa duk macen da kafaɗarta ba ta faɗa tsakanin inci 14 da 16 ba, ba 'yar garin ba ce.

Na tambayi dattijon abin da ke sa wani ya yi tsawo wani ya gajarta. Ya ce na farko nono. Kwikwiyon da aka haifa a shekarar da damina ta yi kyau, dabbobi na da nono, ba zai yi daidai da wanda aka haifa a shekarar fari ba, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ita tsohuwar a mugunyar shekara aka haife ta. Na biyu, in aka gangara kudu kusa da garuruwan manoma, karnukan suna haɗuwa da na gari, sai ƙafa ta ragu, kunne ya fara miƙewa. Na uku kuma zaɓin mai shi. Karyar nan sau ɗaya take haihuwa a shekara, kuma makiyayi ba ya iya ciyar da duk abin da ta haifa, sai ya zaɓi ɗaya ko biyu, ya ba 'yan'uwa wanda suka roƙa. Kowa kuma da abin da yake so: wani ja, wani mai farin goshi, wani mai ƙarfin hali ko yaya launinsa yake. Na ce, "Baba, kai da me kake aunawa?" Ya buɗe tafin hannunsa ya ce in dai tsayi ne, taƙi uku ya isa kare. Sauran awon kuwa sai an kwana da shi: ya yi haushi a kan abin da ya kamata ya yi shiru a kan wanda bai kamata ba, ya kama zomo ya jira mai shi, ƙafarsa ta jure tsakuwa da ƙaya, in an kira shi ya dawo.

Na ce to barewa fa? Ya ɗaga hannu ya nuna filin nan duka. Ya ce yana saurayi, kafin farin 1973, daga inda muke zaune ana hango garkensu, har da jimina. A kan raƙumi ake fita da kare, in an hango barewa a sake shi, ya bi ta har ta gaji, ya bangaje ta ta faɗi, mai shi ya iso ya yanka. Farin 1973 da na 1984 suka kashe dabbobi suka tarwatsa mutane, da yawa suka koma gari ba su sake fitowa ba. Masu bindiga a mota suka ƙarasa abin da ya rage. Jimina ta ɓace, barewa ta zama sai an yi sa'a, hukuma ma ta kafa dokar farauta a 1998. Jikan nan nasa da ke riƙe mana karnuka bai taɓa ganin an kama barewa ba. Maigida ya ce, "To ai karen bana shi ke maganin zomon bana." Dattijon ya yi dariya ya ce, "Zomon kaɗai ya rage masa."

Abin da ban sani ba a ranar shi ne wahalar da ke tafe ta fi wadda ya lissafa. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, cikin wannan kwari na Azawak ta wajen iyakar Mali, a 2022 kuma rikici ya kori dubban makiyaya daga yankin Menaka. Wanda ya ɗora 'ya'yansa a bayan mota yana gudun ransa, ba kare ne zai fara tunawa ba, kuma karen da aka yi don ya tsare tanti a fili ba shi da abin yi a sansanin 'yan gudun hijira. In aka wayi gari na daji sun ƙare, waɗanda za su rage su ne na Turai da Amurka, masu takardar haihuwa, jajaye masu farar safa, kuma ba za a sami irin tsohuwar nan a cikinsu ba balle a san ita ta haifi jan. Mutanen da suka karɓe mu dai, alhamdu lillahi, labarin ƙarshe da taubashina ya ba ni suna nan lafiya, sun matso kusa da gari. Tsohuwar ta mutu, amma akwai jikokinta biyu, ɗaya baƙa kamar ta.

Kafin mu tashi a ranar, ina naɗe tef, sai na ji wani abu mai sanyi a bayan hannuna. Tsohuwar ce ta matso da kanta tana shinshina ni. Jikina ya ɗauki rawa, amma ban tashi ba. Uwargidan ta ce daga bakin tanti, "Ta yarda da ke, Malama. Ba kowa take yi wa haka ba." Na miƙa yatsu biyu na taɓa kafaɗarta, daidai inda muka ɗora tef. Zafi ne da ita kamar tukunyar da aka sauke yanzu, kuma ina jin bugun zuciyarta ta cikin fatar.

Muka iso Abalak bayan magariba. Da safe na ɗauko littafin awo na ce wa goggo ta miƙe in auna ta, don da azahar za mu kama hanya. Ta dubi tef ɗin, ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, wannan ba shi ne aka ce kin auna karnuka da shi ba?" Na fara yi mata bayanin abin da Malikiyya suka ce. Ta ce, "Riƙe karatunki." Ta kwance bakin zanenta ta ba wani yaro kuɗi ta ce ya ruga kasuwa ya sayo sabo.